Yadda ake gwada fili kafin a sa harsashin gida kusa da kufai ko tsohuwar ganuwa

Wani ɗan baffana ya gina ɗaki uku a bakin garinmu, kudu da birnin Kano. Damina ta biyu bangon ɗakin tsakiya ya tsage tun daga taga har ƙasa, ƙofa ta daina rufuwa. Aka zargi birkila, aka zargi mai bulo. Da aka tona gindin bangon sai ga ƙasa baƙa mai ratsin shuɗi, laushi kamar toka, da bakin wani rami zagayayye da aka shafe da katsi. Tsohuwar marina ce aka cike da shara, shekaru suka binne ta, kusurwar ɗakin kuma ta zauna daidai a kanta. Abin haushin, wata gyatuma a maƙwabta ta san kakanta yana kiran wurin Marina. Babu wanda ya tambaye ta.

Ƙasar Kano da Jigawa ta daɗe da mutane a kanta. An samu shaidar narkar da tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Ga Santolo da Sarki Yaji ya ci da yaƙi, ga Rano da Gaya, ga Garun Gabas a ƙasar Haɗeja, ga duwatsun Birnin Kudu masu zanen shanu. Waɗannan sanannu ke nan. Ƙananan kufai da ragowar ganuwa da ba su shiga littafi ba sun ninka su, kuma yanzu da garuruwa ke cin gonakin gefensu, a kansu ake yanka fuloti. Duk wanda filinsa ya raɓi irin wannan wuri, ga yadda ake bi kafin diga ta taɓa ƙasa.

Tambaya tun kuɗi na aljihunka

Aikin farko da baki ake yinsa, kuma gara a yi shi kafin a biya kuɗin fili. Fara da mai unguwa, ya kai ka wajen dagaci. Bayan gaisuwa ka faɗi buƙatarka kai tsaye: ranka ya daɗe, ina so in yi gini a wuri kaza, na zo in ji ko an taɓa zama a wurin, ko akwai maƙabarta, ko tsohuwar rijiya. Kada ka tsaya a kan mai sayarwa ko dillali, su ciniki suke so ya faɗa.

Daga nan ka nemi tsofaffi biyu ko uku, kowa daban, har da mata. Tsofaffin mata sun fi riƙe irin wannan labari, domin su suka ɗebo ruwa a rijiyoyin da suka rufta, su aka hana bin wata hanya da almuru. Tambayar da ke fito da magana ita ce ta suna: Baba, da can me ake ce wa wannan gonar? In ka ji Kufai, Tsohon Gari, Garu, Marina, Maƙera, Kushewa ko Bakin Ƙofa, to sunan ya riga ya ba ka rabin amsa. Ka kuma tambayi wanda ya daɗe yana noman wurin abin da garma ke turowa. Manomi ya san inda tsingaro ya yi yawa, ya san inda dawa ke yin baƙi ƙirin don tsohon juji ne a ƙarƙashi.

Za a ba ka labarin iskoki, musamman in akwai kuka. Saurara da ladabi, ka rubuta inda aka ce suke. Sau da yawa wurin da gari ke tsoro tsohuwar maƙabarta ce ko wurin tsafin mutanen da, tsoron ne ya tsare shi har ya iso zamaninmu.

In ka ga alamar akwai wani abu amma kana son filin, a sa sharaɗi cikin takardar ciniki gaban shaidu: in bincike ya nuna ba a iya gini, za a mayar da kuɗi ko a canja fuloti. Fili na karkara, bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin zama a kansa, don haka ka leƙa sashen filaye na sakatariya ka ji ko wurin na cikin inda aka keɓe.

Taka filin da ƙafarka

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, an kwashe kara, ƙasa ta fito fili, daga Nuwamba zuwa Maris. Washegarin ruwan farko ma yana da kyau, don ruwa na wanke ƙura ya bar tsingaro na ƙyalli. Ku tafi mutum uku ko huɗu, ku jera da tazarar taku biyar tsakaninku, ku bi filin daga gabas zuwa yamma kuna kallon ƙasa, sannan ku sake bi daga kudu zuwa arewa. Da sassafe ko da la'asar sakaliya ake yi, lokacin da inuwa ke tona ɗan tudu da ɗan kwari da ido ba ya gani da tsakar rana.

Abin da ake nema: tarin tsingaro, musamman mai kauri ko mai zane, kashin maƙera, wato baƙin dunƙule mai nauyi da ƙofofi kamar ya tafasa ya daskare, dutsen niƙa da ɗansa, gululun mazari, guntun lofe, wuri irin na kuɗin da, ƙasa mai toka a tsakiyar jar ƙasa. Ka duba doguwar kunya mai faɗi da ta ratsa gonaki tana lanƙwasa, da kwari a bayanta, domin haka ganuwa ke komawa in ta narke. Kukoki da suka taru wuri guda, manya-manya, kusan kullum tsohon mazauni ne. Kwarin da ya yi zagaye kamar faifai, ciyawarsa ta fi ta kewaye tsanwa, ka ɗauke shi a matsayin rijiya har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Kada ka tsince komai. Kafa ɗan tsinke a gefen abin, ka ɗauki hoto da waya tare da biro ko kwalin ashana don a gane girmansa, ka adana lambobin wurin daga taswirar waya. Hoton sama na Google Earth yana taimakawa ƙwarai, don sau da yawa zoben ganuwar da ba ka gani a ƙasa yana fitowa sarai daga sama.

Hukuma, da abin da doka ta ce

Nan ne mutane ke noƙewa, suna tsoron kada gwamnati ta ƙwace fili. Bari mu bi abin a hankali.

Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, NCMM, dokar da ta kafa ta ta 1979 ce. Abu uku a cikinta suka shafi mai gini. Ba a tona ƙasa da niyyar neman kayan tarihi sai da izinin hukumar da yardar gwamnatin jiha. Wanda ya ci karo da irin waɗannan kaya ba da niyya ba, yana haƙa rijiya ko harsashi, wajibi ne ya ba da sanarwa cikin kwana 7. Saye da sayar da kayan tarihi kuma haramun ne sai ta hannun wanda hukuma ta amince da shi. Aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana shiga wannan lissafi.

Ma'anar wannan ita ce ramin gwajin da za mu yi magana a kai ba kai za ka haƙa da yaranka ba. Naka shi ne ka kira masu aikin, ka ba su wuri, ka samo lebura. A Kano ka je Gidan Makama, kusa da fadar sarki, gidan tarihi ne na hukumar, akwai ma'aikatanta. Hukumar tarihi da al'adu ta jiha tana Gidan Ɗan Hausa. A Jigawa hukumar na da masu kula da duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda Baturen nan masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bayyana zanensu ga duniya a shekarun 1950. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana da sashen akiyoloji, wato binciken kayan tarihi da ke binne a ƙasa, malamansa da ɗalibansa wannan ne aikinsu.

Ka tafi da takarda a rubuce: sunan gari da ƙaramar hukuma, girman fili, nisansa da ganuwa ko dutsen, zanen gidan da kake son ginawa, da hotunan da ka ɗauka. Ka riƙe kwafi da aka buga wa hatimi. Tambayar farko da za ka yi ita ce ko filin ya shiga iyakar wurin da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa. In ya shiga, magana ta ƙare, nemi wani wuri, kada ka zuba siminti inda za a zo a sa maka jan fenti. In bai shiga ba, kuma galibin fulotai ba su shiga ba, abin da ya rage shi ne a duba a rubuta. Ku yi maganar kuɗin mota da abinci da ladan lebura tun a zaune, a rubuta, a ba ka rasit.

Inda za a sa ramukan gwaji

Ka sa magininka ya zo ranar da mai binciken zai zo, su tsaya tare a kan filin da zanen gida a hannu. Mai bincike ya san inda tarihi ke kwanciya, magini ya san inda nauyi zai sauka, kuma ba kasafai ake haɗa su ba.

Harsashin gidan ƙasa mai hawa ɗaya bai cika wuce mita guda ba. Abin da ke nutsawa da gaske shi ne masai da sokawe da rijiya, su ne ke huda tsohuwar ƙasa, don haka a fara sa rami inda za su zauna. Sai kuma kusa da kusurwoyin ginin, da duk inda kuka kafa tsinke ranar zagaye. A fuloti na gida ɗaya rami uku zuwa biyar sun isa a gane yanayin wurin. Tsakanin ramuka ana iya murɗa ƙarfen huda ƙasa a ciro samfuri, a ga launinta ba tare da an buɗe ko'ina ba.

Shawara ɗaya daga wajen magina: kada a haƙa ramin gwaji daidai kan layin bango. A ja shi kamar mita guda ciki ko waje. Ƙasar da aka tona aka mayar ba ta komawa da ƙarfinta na da, kada garin neman tsohon rami ka ƙirƙiro wa kanka sabo.

Yadda ake tonon

Ramin gwaji mita ɗaya ne tsawo, mita ɗaya faɗi, wani lokaci biyu. Ana kafa turaku huɗu a ɗaure da igiya, a daidaita gefe ɗaya da arewa. Don a tabbatar kusurwa ta miƙe ana auna tsakanin turaku biyu masu kallon juna ta gicciye, a rami mai mita ɗaya tsawo da faɗi ya ba da mita 1.41. Kowane rami da lambarsa.

Diga da shebur na cire ƙasar sama kawai, wadda garma ta riga ta jujjuya. Daga nan sai cokalin magini da ƙaramar fartanya da buroshi. Ana sauka santimita 10, a tsaya, a share, a ɗauki hoto, a rubuta launin ƙasa da taurinta, sannan a sake sauka 10. In launi ya canja kafin a kai goman, a nan ake tsayawa a buɗe sabon shafi. Duk kwanon ƙasa da ya fito sai ya bi ta rariyar waya, domin dutsen wuya da wuri da ƙashin kifi ba sa ganuwa a cikin shebur. Abin da aka samu a kowane hawa yana shiga ledarsa da takarda: lambar rami, zurfi, kwanan wata.

Lebura zai gaji da wannan tafiyar hawainiya, ya ce a bar shi ya gama ramin kafin azahar. Kada ka goya masa baya. Tsingaron da aka ciro aka jefa a kwano ba tare da an san zurfinsa ba ya zama fasasshiyar tukunya kawai. Darajarsa tana ga abin da ke samansa da abin da ke ƙarƙashinsa. Misali, taba daga Amurka ta zo, ba ta iso ƙasashenmu ba sai wajen shekarar 1600, don haka hawan da aka samu lofe a cikinsa bai girmi wannan lokaci ba, abin da ke kwance ƙarƙashinsa kuma ya girme shi. Tarihin sarakunan Kano ya ce wuri ya shigo ƙasar Hausa zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731, shi ma ma'auni ne. Gwangwani da fasasshen tangaran da kwalba na nuna zamanin Turawa zuwa yau. Da irin waɗannan ake karanta bangon rami daga sama zuwa ƙasa.

Gawayi yana da nasa ladabin. Da shi ake auna shekaru a ɗakin gwaji, ta hanyar sinadarin kabon da ke raguwa da rabi duk shekara 5,730. Ba a taɓa shi da hannu, ba a shan sigari a bakin ramin. Da bakin cokali ake ɗauka a naɗe a takardar alminiyom. Gwajin na da tsada kuma ba dole ba ne don gidanka, amma a ajiye samfurin, wata rana wani ɗalibi zai gode.

Ana ci gaba har a kai ƙasar da ɗan Adam bai taɓa ba: jar ƙasa tsantsa, ko marmara, ko farin rairayi marar gawayi marar tsingaro. A ƙara ɗan sauka don a tabbatar, domin iska da ambaliya kan shimfiɗa rairayi mai tsabta a kan tsohon mazauni, musamman a ƙasar Haɗeja da Gumel. Kwalekwalen Dufuna da ke jihar Yobe, mai shekara kusan 8,000 da tsawon fiye da mita 8, wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, a zurfin kusan mita 5. Da ya farfasa shi ya yi makamashi, da babu wanda ya ji labari. Ya sanar, masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka fito da shi a 1994.

A ƙasa mai rairayi, rami in ya wuce ƙugun mutum zuwa ƙirji a faɗaɗa bakinsa hawa-hawa ko a tokare da katako, a kuma tara ƙasar da aka fitar nesa da baki. Da yamma a rufe da kwano ko a kewaye da ƙaya saboda yara da awaki.

In aka ga ƙashin mutum, kowa ya ɗaga hannunsa. A rufe da tabarma da ƙasa kaɗan, a hana ɗaukar hoto don yaɗawa, a sanar da dagaci da liman da 'yan sanda da hukumar. Kwanciyar kan nuna ko Musulmi ne: gefen dama, kai a kudu, fuska na kallon gabas, babu kaya tare da shi. Wanda aka binne a dunƙule ko da tukwane da mundaye na wani zamani ne ko wata al'ada. Ko wanne ne, kabari ɗaya ba ya zama shi kaɗai, kuma ni dai ban ga dalilin da zai sa mutum ya kwana a kan kushewa alhali ana iya ja da ɗaki ba.

Abin da za a yi da sakamakon

Yawanci ɗayan biyu ake samu: ko babu komai, ko tsingaro warwatse da ɗan toka. Mai bincike ya zana bangon ramukan, ya tafi da ledojinsa zuwa gidan tarihi, a mayar da ƙasa. Mayarwar ma da tsari: a zuba kamar taƙi guda, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, a ƙara. Sai ka yi gininka.

In aka samu abu tsayayye, kamar murhun narkar da tama, jerin ramukan marina, daɓen ɗaki ko gindin ganuwa, hanya mafi sauƙi ita ce a juya zanen gida. Gidan Bahaushe yana da tsakar gida mai faɗi, sai a sa abin ya faɗo a nan. A lulluɓe shi da rairayi mai tsabta, a bi da ƙasa, kada a dasa darbejiya ko mangwaro a kai don saiwa na farfasa abin da ke ƙasa, kada kuma a bi da lambatu ta wurin. Matsar da ɗaki taku biyar a takarda bai kai kuɗin buhun siminti ba. In fulotin ya yi ƙanƙanta har babu inda za a matsa, sai a ba masu bincike lokaci su tone wurin gaba ɗaya su rubuta, sannan magini ya sauka da harsashi har ƙasa mai tauri, ya cike ramin da burji a daddaɓe. Tsohuwar rijiya kuwa ba a aminta da cikonta, injiniya ya zo ya ga ko za a zuba mata murfin kankare mai rodi ko a kauce mata.

Akwai masu zuwa da zarar labari ya fita, su ce suna sayen tsofaffin kaya, ko su rantse akwai tukunyar zinariya a ƙasa a bar su su tona da dare a raba. Abin da irinsu suka yi wa wuraren tsohuwar al'adar Nok a kudancin Kaduna sananne ne, ramuka suka bari. Ka sallame su daga zaure, ka gaya wa dagaci.

Kafin mai binciken ya tafi ka nemi rahoto a rubuce, ko shafi biyu ne, da zanen inda aka haƙa da abin da aka samu da sa hannu. Ka haɗa shi da takardun fili. Ranar da za ka sayar, ko magada za su raba, ko wani jami'i ya zo da tambaya, shi zai yi magana.

Ranar haƙa harsashi

Rami biyar ba su ga ko'ina ba, don haka ranar da za a ja layi a fara haƙa ka kasance a wurin da kanka, in da hali mai binciken ma ya zo. Ka tara leburori kafin su fara, ka nuna musu hoton kashin maƙera da bakin marina a waya, ka ce duk wanda ya ga ƙasa ta canja launi, ko diga ta faɗa wuri mai laushi, ko tukunya ta leƙo, ya tsaya ya kira ka. Ka faɗa musu a fili cewa kuɗin yininsu na nan ko aiki ya tsaya, har da ɗan goro ga wanda ya fara gani. Leburan da ake biya da tsawon ramin da ya haƙa, in ya ga tukunya zai sa mata diga ya wuce, don tsayawa asara ce gare shi. Saboda haka kwanakin harsashi da na sokawe a biya da yini.

In wani abu ya fito, a bar shi inda yake, ko da rabinsa na waje. A ɗauki hoto, a auna zurfinsa daga bakin rami da tef, a kifa masa kwanon gini, a koma aiki a ɗaya gefen gidan. Sannan ka kira lambar da ka karɓo a gidan tarihi, ka rubuta ranar a bayan takardarka, domin kwana bakwai ɗin daga ranar suke fara ƙirguwa.